Daga Kano Zuwa Busua da Jakar Goyo: Yadda Ake Shirya Yawon Bakin Teku da Abokai

Tun da muka dawo daga gaɓar tekun Gana, mu huɗu kowa da jakar goyonsa, tambayoyin da ake yi mini ba su wuce uku ba: wace takarda ake buƙata, yaya ake lissafin kuɗi, kuma ina mutum zai samu abin da zai ci hankalinsa kwance. Shi ya sa na ga ya fi in zauna in jera abin daki-daki. Inda muka yada zango shi ne Busua, ɗan ƙaramin garin masunta da baƙi 'yan yawon shaƙatawa a yammacin Gana, kimanin kilomita 30 daga Takoradi. Mun zaɓe shi ne saboda ana zuwa ta mota ba tare da biza ba, akwai Hausawa a kusan kowane babban gari da za a ratsa, kuma ruwansa ya fi na yawancin gaɓar ƙasar sauƙin kai. Ku ware kwana 11 ko 12, zuwa da dawowa.

1. Ku daidaita tsakaninku tun a gida

Mutum huɗu shi ne daidai. Huɗu suna cika tasi ɗaya, suna raba ɗaki biyu ko babban ɗaki guda, kuma idan biyu sun shiga ruwa biyu suna tsaron kaya. Da zarar an kai shida ko bakwai, rabin yini zai riƙa tafiya wajen jiran wanda bai gama shiri ba.

Kafin a sayi tikiti, ku zauna ku yi magana a kan abubuwan da ake jin nauyin faɗa. Wa yake iya kwana a ɗaki mai fanka, wa yake cewa sai mai na'urar sanyaya ɗaki? Wa ke son fita tun da asuba, wa ke son barcin safe? Akwai wanda ba zai zauna inda ake sayar da giya ba ko da lemo yake sha? Duk abin da kuka rufe a Kano, a bakin teku zai buɗe, kuma a can ba daɗi.

Sai asusu. Ku naɗa ma'aji ɗaya, wanda ya fi ku haƙuri da rubutu. Kowa ya zuba daidai da na ɗan'uwansa, daga ciki ake biyan mota, masauki, ruwan sha, kuɗin shiga wuraren kallo da abincin da aka ci tare. Tsaraba, katin waya da kwaɗayin kowa daga aljihunsa. Ma'aji ya riƙe ɗan littafi, kowane dare bayan lisha ya karanta abin da aka kashe. Minti biyar ne, amma shi ya hana mu ɓacin rai har muka dawo.

Yadda ake fitar da jimla: ku tambayi kuɗin mota na kowane zango a tasha ko ta waya, ku tura wa masauki biyu ko uku saƙo ta WhatsApp su faɗa muku farashin ɗaki, ku ƙiyasta cin abinci sau uku, sannan ku ninka da yawan kwanaki. Kuɗin mota ne zai ci kaso mafi girma, masauki na biye. A kan abin da ya fito ku ɗora kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana.

Gargaɗi: kada duk kuɗin ya zauna a jikin ma'aji. Ku raba shi gida huɗu, kowa ya ɓoye nasa kason a jikinsa, ma'aji ya riƙa karɓar na kwana biyu-biyu.

2. Takardu

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Benin, Togo ko Gana, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zaman kwana 90. Abin da ake nema shi ne fasfo, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa. Ku duba ranar ƙarewarsa yau ɗin nan. Idan saura ƙasa da wata shida, ku sabunta. 'Yan'uwa na Nijar su lura cewa ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka su tabbatar da matsayin takardunsu kafin su ɗaura jaka.

Na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Ana samun sa a ofisoshin kiwon lafiya na tashoshin jiragen sama da na iyaka. Allurar sau ɗaya ake yi, ta wadatar har tsawon rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya je ya yi allura ana jibi tafiya ya makara.

Kada ku yarda da mai cewa zai kawo muku katin har gida ba tare da allura ba. Bayan haɗarin a kama shi a iyaka, cutar ta gaske ce, kuma daji za ku shiga.

Ku yi kwafi biyu na shafin hoton fasfo da na katin, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a jakar abokinka. Ku ɗauki hotonsu a waya kuma ku tura wa wani a gida.

3. Lokacin tafiya

Yammacin Gana shi ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar. Babbar damina tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma a Satumba da Oktoba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. A cikinsa ma ku cire ƙarshen Disamba, domin lokacin ne 'yan Gana mazauna Amurka da Turai ke dawowa hutu, ɗakuna su cika, farashi ya haura, hanyar iyaka ta cushe. Ni tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu nake ba da shawara. Ku kuma auna da kalandar Musulunci. Yawon rana a gaɓar teku da azumi a baki wahala ce da ba a tilasta wa kowa ba.

4. Abin da ke shiga jaka

Jaka mai cin lita 40 ta isa, wadda ke da maɗaurin ƙugu, domin nauyin ya sauka a kan kwankwaso maimakon kafaɗa. Idan ka cika ta, ka goya ka zaga unguwa na rabin awa. Abin da ya dame ka a nan, a can ninki biyu zai yi.

Mu 'yan Arewa kuskurenmu ɗaya ne: muna shirya kaya kamar za mu ƙasa mai busasshiyar iska. A Kano ka wanke riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau. A Busua iskar jiƙe take, wandon jins zai kwana biyu a igiya yana nan da danshinsa har ya fara wari. Don haka shadda da manyan kaya su zauna a gida. Ku ɗauki riguna marasa nauyi guda huɗu, wando biyu masu saurin bushewa, jallabiya ɗaya mai sauƙi don Juma'a, gajeren wando mai rufe gwiwa na shiga ruwa, silifa, da takalmi sau-ciki guda ɗaya na tafiyar daji. Mata su nemi doguwar riga da wando na yadin motsa jiki da ɗankwali mai kama kai.

Sauran: sallaya mai naɗewa, ƙaramar buta, tawul siriri, tocila, kwaɗo biyu, igiyar shanya, sabulun wanki, fawa-banki, da soket mai baki da yawa guda ɗaya na ku duka. Bakin soket ɗin Gana irin namu ne mai ƙafa uku, ba sai an nemi wani abu ba. Leda mai zif ta saka waya da fasfo tana da muhimmanci fiye da yadda take a ido. Rairayi da iskar gishiri suna iya lalata bakin caja. A jakar magani a sa maganin zazzaɓin cizon sauro, farasitamol, garin gishiri da sukari na gudawa, filasta, da man korar sauro.

Gargaɗi biyu a nan. Kada kowa ya ɗauki riga, hula ko jaka mai zanen kakin soja, dokar Gana ta hana farar hula sa su. Kuma duk wani magani ya zauna cikin kwalinsa na asali. Masu ƙarfi irin tiramadol da kodin kada su kusanci jakarku.

5. Hanya: Legas zuwa Akara

Daga Kano motar dare za ta kai ku Legas. Kada ku sauka ku zarce. Ku kwana, ku yi wanka, ku tashi da ƙarfinku, domin ranar da ke tafe doguwa ce: kimanin kilomita 460, iyaka uku, ƙasa huɗu.

Hanya biyu ce. Ta farko, ku shiga motar kamfani mai zuwa Akara kai tsaye, irin su ABC, GUO ko Chisco. Suna tashi da sassafe, kuma ma'aikacinsu ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi. Ta fi tsada, amma ga wanda bai taɓa tsallaka iyaka ba ita nake zaɓa masa. Ta biyu ita ce guntu-guntu: daga Mile 2 zuwa Seme, daga nan zuwa Kwatano, sai Hillacondji a bakin Togo, a ratsa Lome zuwa Aflao, sannan a kama motar Akara. Ta fi araha a takarda, tana kuma ba ku damar tsayawa inda kuka so, sai dai a kowace tasha sabon ciniki ne da sabbin 'yan kamasho.

Duk wadda kuka bi, a kowace iyaka hatimi biyu ake buga muku, na fita da na shiga. Ku buɗe fasfo ku gani da idonku kafin ku bar tagar. A ɗaya daga cikin iyakokin, mun yi nisa da tafiya sai ɗayanmu ya duba ya ga ba a buga masa na shiga ba. Sai da muka koma da ƙafa cikin rana, muka ɓata fiye da awa ɗaya. Da ba mu lura ba, a iyaka ta gaba ne abin zai zame mana babbar magana.

Sabon fasfo da bai taɓa shan hatimi ba yakan jawo a nemi ƙarin wani abu. Ku yi sallama, ku yi magana a hankali, ku nemi rasit, kuma mutum ɗaya ya yi magana a madadin kowa. Kada ku miƙa fasfo ga wanda bai sa kaki ba, kome yawan Hausar da ya yi muku. Kada ku ɗaga waya don ɗaukar hoto a wurin. Kada kuma ku karɓi saƙon kowa ku tsallaka masa da shi, ko da tsohuwa ce ta haɗa ku da Allah.

Ku canji 'yan sefa kaɗan na ruwa da abincin hanya, Benin da Togo kuɗinsu ɗaya. Da kun shiga Togo ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. Daga Aflao zuwa Akara awa uku ne zuwa huɗu, ana tsallaka kogin Volta a Sogakope. Wanda aljihunsa ya yarda, jirgi daga Legas awa ɗaya ne kacal.

6. Kwana ɗaya a Akara

Ku nufi Nima ko Mamobi. Nan za ku ji kamar ba ku bar gida ba: kiran salla, mai shayi, mai tsire, da Hausa ta ko'ina, duk da cewa kunnenku zai ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba da karin harshen zango. Tsofaffi har yanzu Ankara suke kiran birnin, kamar yadda fataken goro na Gwanja suka bar mana sunan. Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 yana Kanda, kusa da nan, ya cancanci a je a yi salla a ciki.

Aiki biyu ne ya kawo ku. Na farko canji. Ku je shagon canji mai lasisi da fasfo a hannu, ku tambayi wuri biyu kafin ku yanke, ku ƙirga a gaban mai shi, ku roƙi a haɗa muku da ƙananan takardu na sidi 5, 10 da 20. A ƙauye ka miƙa wa mai kwakwa takardar 200, ka ɗaure shi ka ɗaure kanka. Kada ku dogara da katin banki na naira. Idan ya yi aiki alhamdulillahi, amma a yi shiri kamar ba zai yi ba. Wani abin lura: a 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, sai dai wasu dattawa a kasuwa har yau da tsohon lissafi suke magana. Idan wata ta ce maka abu dubu hamsin ne, sidi biyar take nufi.

Na biyu layin waya. Ku je ofishin kamfani, MTN ko Telecel, da fasfo a yi muku rajista, a buɗe muku asusun kuɗi na waya da suke kira MoMo. Layi biyu sun ishe ku ku huɗu. Da MoMo ake biyan masauki da abinci a wurare da yawa, kuma masu rumfarsa suna ko'ina. Lambar gaggawa a ƙasar 112 ce, kowa ya adana.

7. Tsayawa a Cape Coast

Motocin yamma daga Kaneshie suke tashi. Ku fita kafin gari ya waye sosai, saboda cunkoson Kasoa, garin da sunansa daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce. Ƙananan bas da suke kira trotro sun fi araha, amma sai sun cika suke tashi, kuma za a caje ku kuɗin jaka. Ku yi cinikinsa kafin a ɗora ta.

Kwana biyu ya isa. Rana ɗaya ku ba tsofaffin gidajen da aka riƙa tsare bayi na Cape Coast da Elmina; na Elmina shi ne Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ku bi mai jagora, ku shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Mu mun shiga muna hira, muka fito ba mai cewa uffan, musamman da aka ambaci Salaga cikin kasuwannin da ake koro mutanen daga arewa. Wuri ne na nutsuwa, a rage ɗaukar hoto ana dariya. Rana ta biyu ku je dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da gari, inda ake tafiya a kan gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a saman bishiyoyi. Ku isa da buɗewa, kafin motocin 'yan makaranta. A duk waɗannan wurare kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ma'aji ya sa a lissafi. Masallaci da abincin gida kuwa, ku tambayi unguwar zango da ke kusa da kasuwar Kotokuraba.

8. Isa Busua da neman masauki

Daga Cape Coast zuwa Takoradi, daga Takoradi zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasin haɗaka zuwa Busua. Duk wata hidimar banki ku gama ta a Takoradi. A Agona direbobi za su ce ku yi shata. Tunda ku huɗu ne, ku tambayi kuɗin kujera ɗaya tukuna, ku ninka huɗu, kada ku biya abin da ya zarce haka da yawa.

Ku isa da rana. Kwana ɗaya kawai za ku kama tun daga nesa, kada ku biya na mako gaba ɗaya a kan hoton da kuka gani a intanet. Washegari biyu su zauna da kaya, biyu su zaga. Masaukan da ke kan rairayi sun fi tsada kuma sun fi hayaniya, musamman daren Juma'a da Asabar da ake kwana ana kiɗa. Layi ɗaya ko biyu a baya, cikin gari, za ku samu ɗaki mai sauƙin kuɗi da barci mai daɗi, teku kuma tafiyar minti uku ce.

Kafin ku biya, ku kunna famfo, ku kunna fanka, ku ɗaga zanin gado ku duba bakin katifa saboda kuɗin cizo, ku duba ragar taga ko gidan sauro, ku gwada makulli. Ku tambaya ko akwai janareta idan an ɗauke wuta. Sannan ku yi ciniki a kan kwanaki: mai kwana huɗu ba farashinsa ɗaya da mai kwana ɗaya ba. Ku lissafa da kai, ba da ɗaki ba. Misali, ɗaki mai gado huɗu a sidi 400 ya fi muku ɗakuna biyu a 250 kowanne.

9. Teku

A nan nake roƙon ku ku karanta a hankali, domin duk sauran kurakurai kuɗi suke ci, wannan kuwa rai yake ci.

Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Waɗanda suka iya kuma a kududdufi ko a Tiga suka koya, ruwan da yake kwance. Teku ba ya kwanciya. Igiyar ruwa tana bugo ka ta gaba, sannan ruwan da ke komawa ya ja ƙafarka ta ƙasa, yana kwashe rairayin da kake tsaye a kai. Ranarmu ta farko, mafi ƙarfin cikinmu yana tsaye ruwa iya gwiwa, ya juya baya yana yi mana magana, igiya ɗaya ta kifar da shi ta birkita shi sau biyu. Ya tashi da rairayi a baki da ƙujewa a kafaɗa, yana ta salati. Iya gwiwa ke nan.

Ga ƙa'idojin da muka bi daga ranar. Kafin kowa ya shiga, a tambayi masu koyar da hawan igiyar ruwa da allo, waɗanda rumfunansu ke bakin rairayin, ina ne ya dace a shiga a wannan rana, domin wurin yana sauyawa da cikowa da janyewar ruwa. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa ƙugu. Ba a juya wa teku baya. Ba a shiga bayan magariba. Ba a shiga kusa da duwatsu ko bakin rafin da ke zuba cikin teku. Biyu a ciki, biyu a waje, kuma na waje idonsu a kan na ciki, ba a kan waya ba. Tsibirin da kuke hangowa a gaban garin ya fi yadda ido ke nunawa nisa, kada wani ya ce zai gwada.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne wata hanyar ruwa mai ja zuwa ciki. Abin takaici, ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya: za ka ga igiya na fashewa dama da hagu, a tsakiya kuma wani fili ya yi lumui, launinsa ya ɗan fi duhu. Nan ne ruwa ke komawa da gudu. Idan ta ɗauke ka, kada ka yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu, idan ka iya iyo ka yi gefe, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga cikinta, sannan ka juyo. Na waje kuma kada ya faɗa don ceto idan bai iya ba. Ya yi ihu, ya kira masu allo ko masunta, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce.

Kada kowa ya shiga da jallabiya, zani ko dogon hijabi. Idan yadi ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa. Idan kuna son hawan allon, ku biya a koya muku na awa ɗaya ko biyu tare da malami a gefe. Kuɗin da muka fi jin daɗin kashewa ke nan a duk tafiyar.

10. Ci da salla

Karin kumallo ba matsala: koko da ƙosai, wanda su kansu 'yan Gana Hausa koko suke ce masa, ko waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi. Masu sayar da shi galibi matan zango ne. Ka ce, "Hajiya, ina kwana, a zuba mini na goma," ka ga yadda fuska za ta sake. A manyan garuruwa akwai tuwon zafi ma.

A Busua dai Musulmi ba su da yawa, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a bar nama a koma kifi. Da safe idan masunta suna jan taru, ku je ku kama musu igiya, sannan ku sayi kifi a wurin, ku kai wa mai gashi ku biya ladan aiki. Ku ci da banku, wani irin tuwon masara, ko da dokunun masara da ake naɗewa a ganye, da yajinsu baƙi mai suna shito. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, al'ada ce mai ƙarfi a gaɓar, don haka ku shirya wake da soyayyar ayaba a ranar. A gidan abinci ku tambaya ko a kan waya ɗaya ake gasa kifi da naman alade, ku kuma tambayi abin da ke cikin miya. Manyan jatan lande da za a yi muku talla, a yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Ruwan famfo na wanka ne. Na sha a sayi na leda, jaka guda a ajiye a ɗaki.

Alƙibla a wannan gaɓar gabas ce maso arewa. Idan ka tsaya teku na hannun damanka, ka kusa daidai, sai ka tabbatar da manhajar waya. Ruwan teku yana alwala. Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya cika salla zai yi, don haka ku san niyyarku tun ranar isowa. Juma'a ku fita da wuri zuwa Agona Nkwanta ko Takoradi.

Za ku ga Turawa da kayan wanka, za ku ga mashaya, wani ma zai matso ya yi muku tayin wiwi. Ku ce a'a cikin fara'a ku wuce. Garin mutane ne, da sana'arsu. Da sassafe bayan asuba rairayin kusan naku ne ku kaɗai, ku da masunta.

11. Yawo da ƙafa

Wurare biyu ba sa buƙatar mota. Yamma akwai Dixcove, tafiyar kamar rabin awa, da tashar kwale-kwale masu fenti kala-kala da tsohon sansanin Ingilishi a kan tudu. Gabas akwai Butre, ana bin rairayi sannan a haura tudu cikin kurmi a gangara. A can ma akwai kangon sansanin Turawan Holan, kuma daga samansa ana ganin inda kogi ya haɗu da teku. Ku fita da ƙarfe bakwai ku dawo kafin rana ta take. Ku tafi ku huɗu, ko ku ɗauki ɗan gari ya raka ku, fasfo da manyan kuɗi kuma su zauna a kulle a masauki, domin akwai wuraren da hanyar ba kowa.

Mutanen yankin Ahanta ne. Ku yi gaisuwa kafin tambaya, idan kun tarar da jama'a a zaune ku fara musafaha daga dama, kada ku miƙa kome da hagu. Idan za ka ce na gode, ka ce medaase. Kada ku ɗauki masunci ko matar da ke ƙyafe kifi hoto sai da izini. Idan aka yi muku tallar ƙwan kunkurun teku kada ku saya, doka ta hana.

12. Komawa

Kuɗin motar komawa tun ranar farko ake cire shi, a sa a ambulan daban, ba a taɓawa ko da asusu ya ƙare. Ana gobe tafiya kada a wanke kome, ba zai bushe ba. Abin da ya jiƙe a ɗaure a leda. Ku kakkaɓe rairayi daga jaka da takalma, ku biya masauki da dare, ku shirya da mai tasi ya zo da asuba.

Ku kwana a Akara, ku yi tsaraba a kasuwar Makola: cakulan, shito na kwalba, atamfa. A sa kwalbar cikin leda biyu. Ku cire abin da ya rage a MoMo tun kuna cikin Gana, ragowar sidi kuma ku canza a Aflao. Hatimi shida ke jiran ku a hanya kamar yadda aka yi a zuwa, kowanne a duba. A Legas, kafin a hau motar Kano, ma'aji ya buɗe littafinsa karo na ƙarshe, a raba canjin da ya rage gida huɗu. Wanda kuma ya ji zazzaɓi cikin makonni biyu da dawowa, ya je a gwada jininsa, ya gaya wa likita inda ya je.